Kwano Ja, Kwano Fari: Makarantar Goggo a Gindin Bedi

Da hantsi, in 'yan makaranta sun fice gida ya yi tsit, Goggo takan shimfiɗa tabarma a gindin bedin da ke tsakar gidanta, a cikin garin Katsina ta wajen Ƙofar Guga. Ta jawo faifan wakenta ta ɗora a cinya. Kafin ta tsince tsakuwa goma, ƙanana sun kewaye ta, jikokinta biyu da 'ya'yan maƙwabta, duk waɗanda aka yaye amma ba su isa a miƙa su makarantar allo ba. Duk wanda ya taɓa renon ɗan shekara biyu ya san abin da zai biyo baya: hannu zai faɗa cikin waken, wani ya watsar, wani ya kai baki. Goggo ba ta kora, ba ta tsawa. Akwai wani tsohon buhun shinkafa rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta, shi take cewa a sauko mata da shi.

Ƙanwar mahaifina ce, kuma na fi shekara talatin ina shiga gidan nan, amma sai da na haifi nawa na tsaya na dubi abin da ke cikin buhun. Totuwar masara ce an yayyanka gunduwa-gunduwa, wasu an jiƙa su a ruwan zoɓo sun yi ja, wasu an tsoma su a ruwan gangamau sun yi rawaya, wasu an bar su da farinsu. Ga ƙyallaye da ta roƙo wurin telan bakin layi, ga kofunan roba, ga manyan murafen robar man shafawa, ga ƙwallon goruba da aka gwaigwaye aka wanke. Ba abin da aka sayo don wasan. Duk abin da ke ciki ya gama aikinsa na farko, da bola za a kai shi.

Ranar da na fara lura da kyau, kwanukan roba biyu ta ajiye a gabanta, ɗaya ja ɗaya fari. Ta zazzage totuwa ja da fara kawai, ta mai da sauran cikin buhu. Ta ɗauki ja ta ɗaga yadda kowa zai gani, ta sa a kwano ja. Ta ɗauki fara ta sa a fari. Ba ta ce uffan ba. Ta uku sai ta miƙa wa jikanyarta, 'yar shekara biyu da wata huɗu, wadda take kira kishiya.

"Ungo kishiya, kai mani ita gidansu."

Yarinyar ta juya totuwar a hannu, ta shinshina, ta jefa ta a kwano fari. Na buɗe baki zan ce a'a, Goggo ta ɗaga mini yatsa. Ta ciro totuwar ta kara ta da fararen, ta ɗan jima, sannan ta kara ta da jajayen.

"Nan ne gidansu, ko nan?"

Yarinyar ta fizge totuwar ta jefa a kwano ja, ta tafa wa kanta. Goggo ta koma kan wakenta kamar ba abin da ya faru.

Gwanintar farko ke nan, kuma ita ce mafi yawanmu muke tsallakewa: hannu ake fara koya wa launi kafin baki. Mu iyayen yanzu sai mu nuna riga mu ce wa yaro, wane launi ne wannan? Ya ce ja. Mu yi murna. Gobe mu nuna masa ganye, ya ce ja. Jibi mu nuna masa madara, ya ce ja. Sai hankali ya tashi, a fara cewa ko idonsa ne, ko kansa ne bai ja. Alhali ido ya daɗe da gama nasa aikin, domin jariri yana bambance launuka tun yana ɗan watanni. Abin da ke ba shi wuya shi ne gane cewa kalmar ja ba sunan rigar ba ce, ba sunan girmanta ko laushinta ba ce, sunan wani abu ne da ke jikin riga, yana jikin tumatir, yana jikin ƙasar Katsina in an haƙa ta. Kofi abu ne da za a riƙe. Ja kuwa ba a taɓa miƙo wa yaro shi kaɗai ba, kullum yana maƙale da wani abu. Charles Darwin, masanin halittun nan na Ingila, ya rubuta cewa 'ya'yansa sun iya sunan kusan komai a gida amma suna ta kuskuren sunayen launi, har ya yi zaton ba sa ganin launin ne. Yara da yawa sai sun kai shekara uku ko huɗu sunayen suke zauna musu daram. Goggo ba ta san Darwin ba, amma ta san kada ta tambayi yaro abin da bakinsa bai kai ba alhali hannunsa ya kai.

Sai yaro ya yi kwanaki yana kai kowace totuwa gidansu ba kuskure, sannan take sako suna. Shi ma hawa-hawa take yinsa. Da farko ita ke faɗa: "Wannan ja ce." In an kwana biyu sai ta koma roƙo: "Maigida, miƙo mani ja." Jikanta namiji ke nan. Can daga baya, in ta ga yana miƙowa daidai ko da ta sauya wa kwanukan wuri, sai ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan fa?" Faɗa, roƙo, tambaya. Na yi mamaki da na tarar haka Maria Montessori ta tsara darasinta, likitar nan ta Italiya da ta buɗe gidan yara na farko a 1907 a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum. Ita ma da haɗa iri da iri take farawa: 'yan alluna shida da aka naɗe da zaren siliki, biyu ja, biyu rawaya, biyu shuɗi, yaro ya nemo wa kowane ɗan'uwansa. Yau makarantu masu sunanta a manyan garuruwanmu kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin iyaye, amma asalin abin na 'ya'yan leburori ne, kuma dabarar ba ta buƙatar siliki.

Akwai wani abu a bakin Goggo da na daɗe ban kula da shi ba. In da babba take magana, za ta ce jan kwano, farar hula, baƙin mayafi, kamar kowa. In da yaro ne a kan tabarmar nan, juyawa take yi: kwano ja, hula fara, mayafi baƙi. Na tambaye ta dalili, ta ce, "To in na ce jan, mi zai duba? Bari ya ga kwanon tukuna." A 2010 Michael Ramscar da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da yara 'yan shekara biyu, suka ga yara sun fi kama sunan launi in an fara ambatar abin sannan launin ya biyo baya. Dalilin a fili yake. In an ce kwano, idon yaro ya sauka wuri guda, sai kalmar ja ta zo ta same shi a can. In aka fara da launi, idonsa na yawo a ɗaki, kalmar ta wuce ba ta sami inda za ta sauka ba. Turanci ya saba sa launi a gaba, shi ya sa abin ya zame wa iyayen can matsala. Hausa kuwa ta ba mu hanya biyu, duk daidai suke a nahawu, sai dai mai magana ya zaɓi wadda ta dace da kunnen da ke saurare.

Da ja take farawa kullum, kuma ina ganin hikima a nan ma. Gaɓa ɗaya ce, bakin ɗan yaye zai iya. Ba ta kuma sauya kama tsakanin namiji da mace: kwano ja, hula ja. Fari kuwa sai ya zama fara a jikin hula, ya zama farare a jikin kofuna. Kore ya koma koriya, shuɗi ya koma shuɗiya. Yaro Bahaushe yana koyon launi ne tare da jinsin kalma a lokaci guda, nauyi biyu a kai ɗaya. Daga ja sai fari, sai baƙi. Waɗannan ukun su ne suka fi nitsewa a harshenmu, shi ya sa muke da farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, jan aiki da jan hali. Brent Berlin da Paul Kay, a binciken da suka wallafa a 1969 kan sunayen launi a harsunan duniya, sun lura cewa harshen da ke da sunan launi uku kacal, fari da baƙi da ja ne yake da su. Har kalmomin ƙarfafawa Goggo take haɗawa da su, kuma yara suna son su fiye da komai saboda daɗin faɗa: ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar. Sai ka ji ɗan shekara biyu da rabi yana zagaya tsakar gida yana ta faɗin "wur, wur" yana nuna bokiti.

Inda na fi jin daɗin kallonta shi ne in an wuce waɗannan an shiga launukan da Hausa ta raɗa wa suna da kalmar ruwa. Ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hanta, ruwan hoda, ruwan madara, ruwan zuma, ruwan bula. Kowane suna yana ɗauke da malaminsa a ciki. Wanda ya ce ruwan toka ya riga ya gaya maka inda za ka je ka gani: murhu. Goggo ba ta koyar da ɗayansu sai da abin a hannu. In bazara ta yi ɗorawa ta shigo kasuwa, takan sa a sayo mata, ta ɓare kwafson a gaban yara, ta lakato garin ta ɗiga wa kowa a harshe, yatsu da leɓuna su rine, sannan ta ɗauko ƙyalle mai irin launin ta kara. Yaron da ya lasa ba ya mantawa. Ruwan goro kuma sai ta tauna ɗan goro ta nuna musu abin da ya bari a tsinken sakace, domin launin ba na jikin goron ba ne, na bayan tauna ne, kuma manya da yawa ba su taɓa tsayawa sun yi wannan tunanin ba. Ruwan hanta yakan jira layya. Sunayen ma suna tafiya da zamani: kakanninmu ba su san ruwan omo ko ruwan siminti ba, mu muka ga kayan muka ara. Rawaya kanta sunan tsiro ne da ake haƙo saiwarsa a daji, a daka, a yi rini da ita, a sa a miya. Shuɗi kuwa ɗan gidan shuni ne, wanda ake samu daga ganyen baba a zuba a karofi. A garin da ɗaya daga cikin manyan waliyyansa na ƙarni na 17 ake kiransa Ɗan Marina, wato ɗan gidan masu rini, bai kamata a ce sai an buɗe littafin Turanci yaro zai san sunan launi ba. Ina jin zafi in na ga yaro ya iya jera launuka bakwai da Turanci kamar karatun aku, amma in ka ce ya miƙo maka mayafi ruwan goro sai ya tsaya yana kallonka.

Wata rana ta yi musu abin da har ni na matso kusa. Ta zuba jiƙon zoɓo a kofunan gilashi biyu. Ta matsa lemon tsami a ɗaya, ya ƙara haske ya yi ja wur. Ta ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, nan take ya yi duhu ya bar ja. Duk macen da ke dafa zoɓo ta san kanwa na kashe tsami tana sauya launi, amma ban taɓa ganin wadda ta mai da shi abin nuna wa yara ba. Suka yi shiru, ido waje. Maigidan nata ya nuna kofi na biyu ya ce, "Ja ya tafi."

Gwaninta ta biyu ta fi ɓoyuwa, sai mai lura zai gan ta. Goggo ba ta bari abubuwa biyu su bambanta a lokaci guda. In launi ake koyo, to duk totuwa ce, tsayi ɗaya, kauri ɗaya, launi kaɗai ya raba su. Da za ta haɗa kofi ja da ƙyalle fari, yaro zai raba su daidai, amma ba za ka san ko launi ya bi ko siffa ba, shi ma ba zai sani ba. In girma ake koyo, sai ta kawo ƙwallon goruba zalla, manya da ƙanana. In siffa ce, ludayi da cokali da murfi. Atamfa mai zane kuwa ba ta fitowa da ita sai can gaba, domin launi huɗu ko biyar a ƙyalle ɗaya rikita ɗan koyo suke yi. Da shadda da yadi marasa zane take farawa.

Sai yaro ya doshi shekara huɗu take yi masa abin da take kira juyi. Kofuna da murafe, wasu ja wasu kore, duk a haɗe. A raba su da launi. In an gama ta hautsina, ta ce yanzu kofi gidansu daban, murfi gidansu daban, ba ruwanmu da launi. Nan ake ganin abin mamaki. Yaro zai maimaita sabuwar dokar da bakinsa tsaf, amma hannunsa ya ci gaba da bin tsohuwar. Masu nazarin tunanin yara, irin su Philip Zelazo, sun daɗe suna yin wannan gwaji da katuna, kuma abin da suke gani ke nan: yawancin 'yan shekara uku suna maƙalewa a dokar farko, 'yan shekara biyar kuwa suna juyawa ba wuya. Abin da ke girma a tsakani shi ne iya danne abin da hannu ya saba a bi sabon umarni, kuma shi yaro zai buƙata ranar da malami ya ce a rufe wannan a buɗe wancan. In yaro ya maƙale Goggo ba ta matsawa. Takan ce, "Bai nuna ba tukuna," kamar mai taɓa mangwaro a reshe, ta bar shi sai wani watan.

Wanda ya dubi rayuwar garin nan zai ga rabe-rabe shi ne rabin sana'a. Mai tumatir a Babbar Kasuwa yana kasa kaya kashi-kashi, manya gefe, ƙanana gefe, waɗanda suka fara laushi gefe. Mai goro yana ware fari da ja, yana fidda mai tsutsa kafin ya ɓata huhu. Mai saƙar faifai tana jera kaba rinanniya da fara. Mace a gida tana tsintar shinkafa, tana bakace, tana tankaɗe, tana ware tsaki da gari. Mai doki ya san akawal, ya san kili, ya san bikili. Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da hannu suna sa baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigo ruwan ɗorawa, kuma ɗalibin da bai bambance su ba ba zai karanta daidai ba. Ƙidaya ma daga nan take tasowa, domin kafin ka ce guda nawa, sai ka san guda nawa na me. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin tushe a Nijeriya, abu ne mai kyau, amma kafin ɗan shekara biyu ya ga aji, tsakar gida ta riga ta yi shekara biyu tana koya masa wani abu, mai kyau ko akasinsa.

Akwai inda Goggo ba ta wasa ko kaɗan. Wake da gyaɗa da masara da maɓalli da tsakuwa ba sa shiga hannun wanda bai kai shekara uku ba, ko da kuwa ido na kansa. Ta ga yaron da aka kwasa zuwa asibiti da ƙwayar wake a hanci, ta kumbura ta ƙi fita, kuma gyaɗa in ta bi hanyar numfashi abin ya fi haka muni. Ma'auninta shi ne ta haɗa babban yatsa da manuni: duk abin da ya wuce ta wannan zoben, na manyan yara ne. Bai yi nisa da ma'aunin da hukumomin Amurka suke gwada kayan wasa da shi ba, bututu mai faɗin santimita 3 da 'yan kai. Shi ya sa murfin robar ruwa ba ya cikin buhun ƙanana, totuwa da goruba ne a ciki. Gwangwanin tumatir mai kaifin baki ba ya shiga. Robar da ta taɓa ɗaukar kananzir ko fiya-fiya ba ta shiga, ko an wanke ta sau goma. Ƙaramin batir irin na agogo kuwa ko a ƙasa ta gan shi sai ta kai shi inda hannu ba ya kaiwa. Rinin ma da abin da ake ci take yinsa, don ta san komai sai ya ziyarci baki.

Tana kuma lura da yaron da ya wuce shekara huɗu yana raba fari da baƙi da shuɗi daidai, amma ja da kore kullum suna cakuɗe masa. Irin wannan ba ta cewa a dake shi ko a kira shi daƙiƙi, takan ce a kai shi a duba masa ido. Tana da gaskiya, domin akwai larurar rashin bambance waɗannan launuka biyu, gadonta ake yi, kuma ta fi yawa ga maza.

Zaman duka ba ya wuce abin da za a tsince mudun wake. Da ta ga wani ya fara jifa da totuwa ko ya miƙe ya bi kaza, ta san an ƙoshi. Kwashewar ma cikin wasan take: ƙyalle a leda, kofuna a cikin juna, totuwa a buhu, sannan maigida ya ja buhun zuwa bakin ƙofa yana nishi kamar ɗan dako.

Bayan ƙaramar sallah na koma gidan. Kishiyar ta cika shekara uku, an kai ta kallon hawa a Ƙofar Soro a kan wuyan babanta, ta dawo tana ba kowa labarin dogarai masu riga ja da kore. Ranar Goggo ta fito da ledar atamfa karo na farko. Kwano ja, kwano fari, kamar kullum. Yarinyar ta yi ta rabawa da sauri, har hannunta ya kai kan wani ƙyalle mai ratsi, rabi ja rabi fari. Ta kai shi bakin kwano ja ta fasa. Ta kai shi bakin fari ta fasa. Ta dubi Goggo, Goggo ta dubi wakenta. Yarinyar ta daɗe riƙe da shi, sannan ta shimfiɗa shi a kan tabarma tsakanin kwanukan biyu, ta lallashe shi da tafin hannu.

"Goggo, wannan ba shi da gida."

Goggo ta ajiye faifan, ta ɗaga murya wajen madafa ta ce, "Wa ke nan kusa? A miƙo mani kwano na uku."